Tarbiyyar Ɗan Tsako

Duk wanda ya tashi a Kontagora tun gidajen siminti ba su cinye filayen bayan gari ba, ya kuma san tsakar gida irin ta da, mai rumbu da turmi da dangar kara wadda kaji ke fita ta ƙarƙashinta da hantsi su komo da la'asar sakaliya, ya san cewa kajin gida jama'a ce mai nizami, wadda kowane ɗaya a cikinta ya san wanda zai kauce wa da wanda zai kauce masa, ya san gurbinsa a bakin kaskon ruwa, ya san makwancinsa a cikin akurki. A aya ta 38 ta Suratul An'am an kira dabbobi da tsuntsaye al'ummu, malamai kuma sun faɗaɗa bayani a kai a wuraren tafsiri. Amma a ganina babu inda yaro ya fi fahimtar ma'anar da idonsa kamar a gindin turmin uwarsa, sa'ad da aka watsa tsaki, ya ga wadda ta fara ci, da wadda ta tsaya nesa tana jiran a rage mata.

Garin da Umaru Nagwamatse ya kafa a 1864 mahaɗa ce tun asali, ga hanyar Yawuri, ga ta Rijau da Zuru, ga ta Tegina, ga wadda ta gangara Makwa, don haka kajin da ke gida ɗaya ba safai sukan zama tsatso ɗaya ba. Wata an kawo ta daga ƙauyukan Kambari a rataye a jikin keke, wata doguwa ce daga rugar Fulani, wata durgu ce mai gajerun ƙafafu da aka ba yarinya kyauta ranar da ta je gaida goggonta, ga zabi, ga agwagi a wajen rariya. Dukiyar mata da yara ce, da ita ake sauke baƙo, da ita ake biyan kuɗin Laraba, da ita yarinya mai haƙuri take kaiwa ga akuya. Abin lura kuwa shi ne, duk da wannan bambancin asali, da rana ta faɗi sai ka ga sun jeru sun shiga akurki ɗaya, manya a gaba ƙanana a baya, ba tare da wani ya kora su ba. Ba a taɓa jin wata mata ta zauna tana tunanin yadda za ta haɗa kansu ba, domin akwai mai yin wannan aiki a madadinta, ita ce uwar 'yan tsaki.

Aikin nata yana farawa tun cikin ƙwai. Takan yi kwanci kwana 21, tana juya ƙwan da baki, ba ta tashi sai ɗan lokaci a yini domin ta ci ta sha ta yi birgima cikin toka. Kwana ɗaya ko biyu kafin ƙyanƙyasa kuwa, ɗan tsako yakan fara tsuwwa yana cikin ɓawo, ita kuma tana amsa masa da wata murya ƙasa-ƙasa wadda ba ta yi wa kowa sai shi, har ya zamana ranar da ya fito duniya ya riga ya san sautin wadda za ta riƙe shi. Sa'an nan a kwana biyun farko Allah ya sanya masa wani ilhami, cewa abin da ya fara gani yana motsi yana kira, shi zai bi, shi zai fake a ƙarƙashinsa. Konrad Lorenz, mutumin Ostiriya, ya yi rubutu a kan wannan ɗabi'a ta 'ya'yan tsuntsaye a 1935, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1973 tare da wasu abokan iliminsa biyu. Matan ƙasarmu ba su rubuta ba, amma sun daɗe suna aiki da ita. Sun san zabuwa ba abar amincewa ba ce wajen kwanci da reno, don haka da damina ta kama, ƙwan zabi ya yawaita, sai su zuba wa kaza. Da yake kuma nasa kwancin yana kai kwana 26 zuwa 28, mai dabara takan sa shi mako guda kafin ta ƙara na kaza, domin su fashe tare. 'Ya'yan zabin nan, waɗanda da a daji aka ƙyanƙyashe su ba mai iya kama su, sai ga su suna bin kaza sawu da ƙafa, suna kwana inda take kwana.

Daga nan sai karatu. Uwa takan yi tono, in ta sami tsutsa ko ƙwayar dawa ba ta haɗiyewa, sai ta ɗauka ta saki, ta ɗauka ta saki, tana wani kira mai sauri, 'ya'yan su sheƙo. Da haka suke sanin abin ci da abin bari. Tana da kuka na musamman in inuwar shirwa ta gilma, wanda da jinsa kowane ɗan tsako zai lafe ƙarƙashin rumbu ko cikin ciyawa, tana da wani dabam in abin tsoron a ƙasa yake, kamar muzuru ko tunku ko maciji. In sanyi ya kama su, ko sun gaji, sai ta tsuguna ta buɗe fukafukai, su shige cikin duhu da ɗumi su yi barci gaba ɗaya, su kuma farka gaba ɗaya. Abin da ya fi jan hankalina a cikin wannan duka shi ne yadda take shigar da su cikin manya. Kwanakin farko takan riƙe su a gefe, ta tayar da gashi ta fuskanci duk wanda ya matso, ko da zakaran gidan ne, ko da mutum ne. Sannu a hankali ta riƙa matsowa da su wurin da ake watsa hatsi, suna ci a tsakanin ƙafafunta, sauran kaji suna ganinsu yau suna ganinsu gobe, alhali ba mai ikon taɓa su, har idon garke ya saba da su tun ba su kai abin faɗa ba.

Bayan wata ɗaya da rabi ko biyu, gashinsu ya cika, zankon uwar ya sake yin ja, sha'awar ƙwai ta komo mata, sai ta yaye su, yayen da ba lallashi a cikinsa: wanda ya biyo ta ta caka masa baki. A nan ne yaron da ke kallo yakan ji tausayi, domin daren farko za ka ji suna kuka a bakin akurki suna neman ƙarƙashin fiffiken da aka hana su. Amma ba su watsewa. 'Yan ƙyanƙyasa ɗaya sukan zama ƙungiya, tare suke kiwo a gefen garke, tare suke jiran manya su ƙoshi, su ne kuma na ƙarshen shiga makwanci. A tsakaninsu kuwa wasan nan da suka fara tun suna mako biyu ko uku, na tsalle da ƙirji da tayar da gashin wuya, yakan rikiɗe ya zama gwajin gaske, mazan wajen mako 6 zuwa 8, matan bayansu kaɗan, har kowa ya san matsayinsa. Wani mutumin Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda tun yana yaro yake zama yana lura da kajin gidansu yana rubutawa, shi ya fara bayyana wannan tsari ga masana a 1922: ya nuna akwai wadda take saran kowa ba mai saranta, akwai wadda kowa ke sara, wani lokaci kuma a sami uku da suka yi da'ira, ta farko ta fi ta biyu, ta biyu ta fi ta uku, ta uku kuma ta fi ta farko. Mutane sukan ɗauki wannan a matsayin zalunci, ni kuwa ban ɗauke shi haka ba, domin shi ne yake kawo ƙarshen faɗa. Da martabobi sun tabbata, ɗaga kai da harara sun isa, ba a sake zubar da jini, kowa ya ci ya sha gwargwadon rabonsa. Inda ake ta sauya kaji kullum ne rikici ba ya ƙarewa, ƙiba ta tsaya, ƙwai ya ragu.

Zakara shi ma yana da nasa aikin a cikin wannan haɗin kai. Jahizu na Basra, a Kitabul Hayawan, ya tsawaita ƙwarai wajen jayayya tsakanin mai yabon kare da mai yabon zakara, a ciki har da karimcin zakara, wanda yakan sami ƙwaya ya kira mata ya bar musu. Hadisi kuma ya hana zaginsa saboda yana tayar da mutane salla. Zakara ne mai tsayuwa da kai a sama yayin da saura suka duƙufa ga tono, shi ne mai shiga tsakani in kaji biyu sun kaure. Samarin zakaru kuwa, in muryarsu ta fara fashewa wajen wata huɗu ko biyar, sukan koma bayan danga su gwada cararsu, su yi nesa da idonsa. A 2015 masu bincike a jami'ar Nagoya ta Japan suka tabbatar da cewa da asuba babban zakara ne yake fara cara, sa'an nan na ƙasa da shi su biyo bi da bi gwargwadon darajarsu. Wanda ya saba tashi kafin assalatu a unguwannin cikin gari, zamanin da kusan kowane gida yana da zakaru biyu ko uku, ya sha jin wannan jeri da kunnensa.

Baƙuwar kaza ce kaɗai ba ta da uwar da za ta gabatar da ita, ita ma kuwa tsofaffi suna da hanyarsu. Kakata, Allah ya jiƙanta, in an kawo mata sagara daga ƙauye, ba ta yarda a sake ta. Takan sa a ɗaura mata tsumma a ƙafa a ɗaure a gindin rumbu, a ajiye mata ruwa a sakaina, ko a kifa mata kwando mai manyan idanu. In muka ce, "Kaka, tana kuka, a kwance ta mana," sai ta ce, "Ku bar ta, 'yan nan, sai ta ga gida, gida ya gan ta." Bayan 'yan kwanaki sai a ɗauke ta da dare, lokacin da idon kaji ba ya gani kuma jikinsu ya mutu, a sa ta cikin akurki. Da safe za a ɗan sare ta, za ta zauna a ƙarshen layi, amma ba ta ɓata, ba a kuma kashe ta.

Ba na so in ƙawata wancan zamani fiye da haƙƙinsa. Cikin 'yan tsaki goma da kaza ta fito da su, sau da yawa rabi ba sa kai lokacin yaye. Shirwa ta ɗauka, ruwan sama ya kashe, gafiya ta ja da dare, ba domin banza ba Hausawa suka ɗora carar zakara a kan nufin Allah, suka ambaci muzuru da shaho a cikin karin maganar. Mata sukan rina 'yan tsaki da shuni ko garura domin su ruɗa shirwa, yara sukan sari suri su kawo musu gara, amma da hunturu ya shigo da annobar nan mai sa kaza ta yi zugum, ta yi koren kashi, wuyanta ya murɗe, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, sai unguwa guda ta wayi gari akurki wayam. Kazar Hausa kuma, saboda kwanci da reno suna cinye mata shekara, ba ta cika wuce ƙwai 60 ba, alhali kazar ƙwai ta zamani tana haura 250. Wanda ya nemi abin da ya fi wannan bai yi laifi ba.

A cikin dogon zamanin Sarkin Sudan na Kontagora, Sa'idu Namaska, daga 1974 zuwa 2021, wanda a farkonsa aka ƙirƙiro jihar Neja a 1976, garin ya bunƙasa da ma'aikata da sojoji da ɗaliban kwalejin horar da malamai ta tarayya da fatake, gonakin gefen gari suka zama filoti, danga ta zama katangar bulo, tsakar gida aka dafe ta da siminti, kaza ba ta da inda za ta yi tono sai kwata. A daidai lokacin ne kuma ɗan tsakon kwali ya iso. Ana ƙyanƙyashe shi da inji, galibi a Ibadan da kewayenta, a zuba hamsin-hamsin cikin kwali mai huji, mota ta kwana tana gudu da su ta Ilori da Jaba da Makwa. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa kuwa shi ne ragowar gwaiduwar da ɗan tsako ke shanyewa cikin cikinsa dab da fitowa, wadda ke riƙe shi kwana biyu ko uku ba ci ba sha. Aka sami na nama masu isa yanka cikin mako 6 zuwa 8, aka sami na ƙwai, har cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta fitar da nata irin, Shika Brown, a 2000. Daga baya ga Noiler, ga waɗanda mutane ke kira maja, masu jure kiwon gida fiye da na farkon. Matan aure da yawa, da matasa da ba su sami aikin albashi ba, sun rufa wa kansu asiri da wannan sana'a, musamman gabanin salla, kuma abin godiya ne.

Sai dai ɗan tsakon kwali maraya ne tun ran fari, abokan zamansa duka marayu ne tsararsa, ba babba a cikinsu. Ɗumin da uwa za ta ba shi, wanda a makon farko yake bukatar ya kai digiri 32 zuwa 35, sai a nemo shi a murhun gawayi ko ƙwan lantarki. Mai kiwo shi ne zai tsoma bakin kowane ɗaya cikin ruwa, shi ne zai ƙwanƙwasa yatsa a kan takardar da aka watsa abinci domin su kwaikwaya. Wannan duka ana iya yi, ana kuma yi. Abin da murhu ba ya bayarwa shi ne duhu da hutu a lokaci guda, da muryar gargaɗi, da babba mai karkatar da bakin yaro zuwa ƙasa. A ƙarƙashin fitilar da ba ta mutuwa dare da rana, wani yana barci wani yana tattaka shi, bakin da aka halitta domin tono bai sami abin tonowa ba, sai ya koma kan gashin ɗan'uwansa, in kuwa jini ya fito, jan nan yana kiran saura. Masu bincike a Denmak sun gwada yi wa 'yan tsaki wata rumfa mai ɗumi da duhu, mai labule a gefe, wadda ke kwaikwayon ƙarƙashin kaza, suka ga tsattsagar juna ta ragu ƙwarai. Mu kuwa maganin da muka fi sani shi ne a datse musu baki.

Inda abin ya fi damuna shi ne ranar da aka ga sun yi gashi, abincin buhu ya yi tsada, aka buɗe keji aka tura su tsakar gida cikin kajin Hausa, ana zaton ai kaza kaza ce. Ba su san kukan shirwa ba, in an yi shi sai su tsaya suna kallo. Ba su san cewa ƙarami yana sunkuyar da kai ya ja da baya ba, sai su nufi kaskon abinci kai tsaye a gaban uwar garke. Ba su san hanyar akurki ba, magariba ta same su cunkushe a lungu. Manya kuma ba su taɓa ganinsu ba, don haka suna yi musu abin da ake yi wa mai kutse. Bayan kwana kaɗan za ka ga ƙeya a saɓe, ka ga wanda ya rame saboda an hana shi ruwa, sa'an nan mai gida ya ce kajin zamani ba su da wayo, ko na Hausa mugaye ne. Haƙiƙa ba ɗaya daga cikinsu da ya saɓa wa ɗabi'arsa. Wanda ya raba ɗan tsako da uwa domin maslaharsa ya gaji aikin uwar gaba ɗaya, har da wannan na gabatarwa, kuma amana ce. Addinin da ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ta ciyar ba, bai bar mana uzuri a kan tsuntsun da muka sa a inda ba zai iya kai bakinsa ga ruwa ba.

Ga kuma sha'anin cuta, wanda haɗa garke da gaggawa yake buɗe wa ƙofa. Tun Fabrairun 2006, da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, mutane suka fara jin cewa kaza ɗaya tana iya shafe dubbai. Amma har yanzu akwai wanda in ya ga kajinsa sun fara gyangyaɗi sai ya garzaya da su kasuwa, wata baiwar Allah ta saya da arha ta kai cikin nata. Fiƙihu bai yi shiru a kan wannan ba, ɓoye aibin abin sayarwa ha'inci ne. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin rigakafin Niyukasil, har da irin da ke jure zafi wanda ake ɗiga wa kaza a ido, kuma kuɗinsa bai kai na kaza guda ba.

Masu kiwon da suka natsu sun koma ga hikimar kakanni da kayan yau. Baƙuwa takan yi mako biyu a keɓe, nesa da garke, a ga lafiyarta. Sa'an nan a kawo ta bayan ragar waya, inda za a ga juna ba a taɓa juna, ta yi kamar mako guda. Ba su sakin ƙanana sai jikinsu ya kusa na manya, ba su kuma sakin ɗaya tilo, domin saran da za a raba wa biyar in ya taru a kan ɗaya kisa ne. Sukan ajiye abinci da ruwa wuri biyu, inda uwar garke ba za ta iya tsare duka ba, su jingina tsohon faifai ko katako a bango domin wanda aka kora ya sami mafaka, su zuba ɓuntun shinkafa da ganye a sami abin tono. 'Yar hayaniyar kwanakin farko ba su shiga cikinta, sai in jini ya fito, sa'an nan su ware mai rauni har ya warke.

Akwai kuma waɗanda suka gano abin da ya fi wannan sauƙi. Da yake an cire wa kajin ƙwai na zamani ɗabi'ar kwanci, Noiler da maja ma ba su cika yi ba, wasu mata ba su yarda gidansu ya rasa kazar Hausa ɗaya ko biyu, ko da kuwa ba su da wani ƙwai na a zo a gani. In ɗaya ta kama kwanci sai a bar ta a kan ƙwai kaɗan, a lissafa kwanakinta, a yi odar 'yan tsaki yadda za su iso tana dab da cika mako uku. Sharaɗin shi ne kada su wuce kwana biyu ko uku da ƙyanƙyasa, kada kuma su fi abin da fukafukanta za su rufe, wato goma zuwa goma sha biyu. Bayan isha'i sai a tura mata su ɗaya ɗaya ta baya, a janye ƙwan, da asuba a leƙa a ga ko ta karɓa, domin akan sami wadda ke ƙi, in haka ta faru a kwashe su a koma ga murhu. Wadda ta karɓa kuwa za ta ɗumama su ba gawayi, ta koya musu tono da ɓuya, ta shigar da su cikin manya a tsakanin ƙafafunta, ta yaye su in lokaci ya yi. Waɗannan ba sa bukatar ragar waya.